Motar ba ta da gudu, to me ya karya ƙafar Baba haka?

Ɗiyar Baba: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau kwana tara mahaifinmu yana kwance a asibiti, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai da nake so masu sani su warware mini. Baba shekararsa 74. Yana tsallaka titi, ya riga ya ci rabin hanya, sai wata ƙaramar mota ta shawo kwana ta buge shi ta dama. Duk wanda abin ya faru a gabansa ya ce motar ba ta da wani gudu, direban ya taka birki, ko fitilar motar ba ta fashe ba. Amma da aka yi hoto, ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu, ɗaya dab da gwiwa, sannan faɗuwar da ya yi ta karya masa ƙashi a kwatangwalo ta hagu. Shekara uku da suka wuce mota ta taɓa kwasar ƙanina, yana ɗan shekara 26 lokacin, har sai da ya hau bonet ya mirgino ƙasa, amma ya tashi da ƙafarsa. Gwiwa ta kumbura na mako biyu, shi ke nan. Direban da ya bugi Baba sai rantsuwa yake yi wai taɓa shi kawai ya yi. Zuciyata ta ƙi yarda, amma shaidu suna bayansa. Tsufa kaɗai zai iya kawo bambanci irin wannan?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ku yi ta haƙuri da shi, jinyar karaya sai a hankali.

Direban Dogon Zango: Allah ya tashi kafaɗarsa. Ƙanwata, ba don in kare direban ba, amma na shekara 22 ina riƙe da sitiyari, kuma zan iya yarda da shi. Ita mota ba ta da “taɓawa”. Ƙaramar mota ma ta haura tan ɗaya. Abin da kake ji a ciki kamar ɗan gogawa, wanda ke waje ya ji shi kamar katanga ce ta faɗo masa.

Likitan Ƙashi: Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanwata, amsar tambayarki ita ce e, kuma mai yiwuwa direban da shaidun duk gaskiya suka faɗa. Irin wannan muna ganinsa kullum.

Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen dutse ne da aka gina jiki a kansa. Ba haka yake ba, ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi da waɗanda ke gina sabo a gurbinsa. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 masu gini ne ke da rinjaye. Daga nan sai lissafi ya fara juyawa a hankali, rushewa ta fi gini. Dogon ƙashi irin na ƙwauri kamar bututu yake, ɓargo a tsakiya, bango mai tauri a kewaye. Da shekaru suna ja, ramin ɓargon yana faɗi, bangon yana sirancewa, kuma ƙananan ramuka suna yawaita a cikin bangon kansa. Idan kin taɓa ganin azarar da gara ta ci ta ciki, daga waje tana nan kamar lafiya lau, to kin ga hoton abin.

Akwai kuma wani abu da hoton ƙashi ba ya nunawa. Ƙashi haɗi ne na sinadarin kalsiyam mai ba shi tauri da wani zare mai suna kolajin mai ba shi danƙo. Danƙon nan shi ke sa ƙashin matashi ya ɗan lanƙwasa ya shanye bugu ya koma yadda yake. A tsufa zaren yana bushewa ya yi gautsi. Shi ya sa ɗanyen kara za ki tanƙwara shi ya ƙi ɓallewa, busasshe kuwa da kin ɗan matsa sai ki ji ƙas.

Ɗiyar Baba: Na gode Likita. Amma me ya sa dab da gwiwa? Su likitocinsa sun ce wai saman ƙashin ne ya lotsa ciki, ni ban taɓa jin ƙashi ya lotsa ba.

Likitan Ƙashi: Saboda nan bambar mota take samun mutum. Bambar ƙaramar mota tana tsakanin santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, gwiwar babban mutum kuma kusan nan take. Tun wajen 1929 likitoci suka laƙaba wa wannan rauni sunan karayar bamba. Saman ƙashin ƙwauri, inda ƙashin cinya ke zama a kansa, cikinsa kamar soso yake, ba dunƙulalle ba ne irin tsakiyar ƙwauri, kuma irin wannan ƙashi mai kama da soso shi tsufa ke fara cinyewa. Idan mota ta bugi gwiwa ta gefe, ƙafar tana kafe a ƙasa ɗauke da nauyin jiki, sai ƙarshen ƙashin cinya ya danna saman ƙwauri kamar taɓarya a turmi. A matashi ƙashin yakan tsage ne, ko ma ya ƙi, jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa su ɗauki wahalar. A dattijo kuwa sai wurin ya nutse ciki. Wani likitan ƙashi a Kanada, Joseph Schatzker, ya kasa wannan karaya gida shida a 1979, kuma har yau da rabonsa muke aiki. Irin wadda ke lotsawa an fi saninta da masu raunin ƙashi.

Ƙaninki kuwa, kumburin mako biyun nan alama ce jijiyoyin gwiwarsa ne suka karɓi bugun. Idan har yanzu gwiwar tana kuɓuce masa wajen sauka daga bene, ya je a duba.

Ɗalibin Likitanci: Likita, ranka ya daɗe, a darasin binciken raunuka an nuna mana wata karaya mai siffar kusurwa uku a tsakiyar ƙwauri, aka ce tana nuna ta inda mota ta fito. Wannan ce ta biyun da take nufi?

Likitan Ƙashi: Ban ga hoton Baba ba, don haka ba zan ce ita ce ba. Amma wadda kake nufi ita ce karayar Messerer, sunan wani likitan Jamus da ya bayyana ta a 1880. Gindin kusurwar yana ɓangaren da aka buga, tsininta yana kallon inda motar ta nufa. Kuma idan direba ya taka birki, hancin mota yana dukawa, sai karayar ta zo ƙasa da tsayin bambar. Masu binciken haɗari suna auna wannan. Ƙwauri kuma ta gaba fata ce kawai a kansa, ba tsoka, shi ya sa yake yawan huda fata ya fito, kuma yake jinkirin haɗewa, musamman can ƙasa wajen idon sawu inda jini bai wadata ba.

Direban Dogon Zango: To tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cina a rai, a yi mini afuwa idan ya yi ɗaci. Mu direbobi kullum mu ne da laifi. Amma wallahi sau nawa dattijo zai shigo titi bai waiga ba, ko ya waiga ya gan ka sarai ya ci gaba da tafiyarsa, ko ya kai tsakiya ya tsaya cak, ya rasa gaba zai yi ko baya. Idan ƙashinsu ya kai wannan rauni da Likita ke faɗa, ni a ganina 'ya'ya su daina barin iyayensu suna fita titi su kaɗai. Wanda ya haura 70 ya zauna a gida, a yi masa aike. Allah ya hutar da kowa.

Hajiya Babba: Ni ma haka na yi da mahaifiyata kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na hana ta fita, hankalina ya fi kwanciya.

Dattijo Mai Ritaya: Ɗana direba, shekarata 71, kuma na karanta maganarka sau biyu kafin in amsa. Ba ka yi ƙarya ba a kan abin da kake gani ta gilashi. Amma bari in gaya maka abin da ake gani daga bakin titi. Idan na waiga na hango mota, ina ganinta, abin da ya yi mini wuya yanzu shi ne in kimanta saurinta. Da can kallo ɗaya ya ishe ni. Yanzu sai in ga tana nesa, in sa ƙafa, kafin in kai rabi ta iso. Wuyana ba ya juyawa yadda yake yi da. Kuma idona rabi yana kan mota, rabi yana ƙasa, don na san idan na yi tuntuɓe ba mai ɗaga ni. Tsayawar da kake gani a tsakiya ba taurin kai ba ne, lissafi ne ya ƙwace mini, kuma ba ni da gudun da zan gyara kuskuren. Kai kana da birki a ƙarƙashin ƙafarka. Ni ba ni da komai sai wannan ƙafar.

Batun a zaunar da mu a gida kuwa, ka bari sai ka kai shekarun ka ji yadda maganar take sauka a zuciya.

Direban Dogon Zango: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban faɗa don raini ba. Tsoro ne. Na taɓa ganin an kwashi wata tsohuwa a gabana, har yau ina mafarkinta.

Mai Gashin Ƙashi: Malam direba da Hajiya, niyyarku mai kyau ce, amma a nan zan saɓa muku ƙwarai, domin ni nake karɓar waɗanda aka zaunar a gida. Ƙashi yana ginuwa ne da nauyin da ake ɗora masa. Duk takun da mutum ya yi, saƙo ne ga jiki cewa ana bukatar wannan ƙashin. Ran da aka daina taku, jiki ya fara kwashe kayansa. 'Yan sama jannati lafiyayyu ƙarfafa, idan suka zauna a sararin samaniya inda ba nauyi, suna asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashin kwatangwalo a kowane wata. Tsoka ma haka, dama tun bayan shekara 30 take raguwa, ta ƙara sauri bayan 60, zaman wuri ɗaya kuma yana ninka abin. To kin hana Mama fita don kada mota ta buge ta, bayan shekara biyu ta zame a banɗaki ta karye a kwatangwalo. Yawancin karayar kwatangwalo a tsofaffi daga faɗuwa ce daga tsaye, ba daga mota ba. Ku raka su, ku zaɓa musu wurin tsallakawa mai kyau, ku kai su a duba ido da kunne. Yanar ido kaɗai tana iya sa mutum ya kasa ganin mota da magariba, kuma aikinta ba ya cin awa ɗaya. Amma kulle ba kariya ba ne.

Hajiya Babba: Allah sarki. Abin da kika faɗa shi ya faru da ita, a tsakar ɗaki ta faɗi. Ban taɓa haɗa biyun ba sai yau.

Mai Gashin Ƙashi: Hajiya, kada ki ɗora wa kanki. Ƙauna ce ta sa, kuma ba wanda ya yi miki bayani. Allah ya kai rahama kabarinta.

Injiniyan Tituna: Ina so in ƙarfafa maganar Baba Mai Ritaya da lissafi, don kada a ɗauka jin zuciya ne kawai. A Ingila an daɗe ana saita fitilar tsallaka titi bisa zaton mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa ɗaya. A 2012 masu bincike a wata jami'a ta Landan suka auna tafiyar waɗanda suka kai 65 zuwa sama, suka tarar kashi 76 cikin 100 na maza da kashi 85 na mata ba sa kai wannan saurin. Matsakaicin saurin maza mita 0.9, na mata 0.8. Ku ɗauki titi mai faɗin mita 12. An ba ka daƙiƙa 10, tsohuwa tana bukatar 15. Wato lokacin da aka saki motoci, saura mata mita 4 a kan kwalta. Amurka ma ta rage nata ma'aunin a 2009 saboda wannan dalili. Idan ka ga tsoho a tsakiyar titi motoci sun taso, sau da yawa ba shi ya makara ba, wanda ya tsara titin ne bai sa shi a lissafi ba. Ɗan tsibiri a tsakiyar titi, inda mutum zai tsaya ya huta ya fuskanci hannu ɗaya kawai, yana rage wannan matsala sosai, kuma ba aiki ne mai wuya ba.

Direban Dogon Zango: Na ji wannan. Amma Injiniya, a cikin gari wa ke gudu? Hamsin ne, sittin ne. Wannan ai tafiyar hawainiya ce.

Injiniyan Tituna: Malam, a nan gizo ke saƙar. Ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi. Idan ka tashi daga kilomita 30 zuwa 60, gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ya ninka huɗu. Sannan ga birki. Kana kan 30, ka hango mutum, daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarka ta kai birki, ka ci mita 8, birki ya ci kamar 5, ka tsaya a mita 13. Kana kan 50, a wannan daƙiƙa ɗayar kaɗai ka ci kusan mita 14. Wato a daidai inda mai 30 ya tsaya cak, kai ko birkin ba ka taɓa ba.

Akwai binciken gidauniyar AAA ta Amurka, mai nazarin haɗurran mota, na 2011 da ya yi daidai da tambayar ƙanwarmu. Ya nuna haɗarin mummunan rauni ko mutuwa ga ɗan shekara 70 da mota ta buga tana gudun kilomita 40 ya yi daidai da na ɗan shekara 30 da aka buga a gudun kilomita 56. Shekara 40 na tsufa sun zama kamar ƙarin kilomita 16 a kan allon gudunka. Saboda haka kalmar “ba ta da gudu” sai an tambaya, ga wa? Abin da ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa ke nan. Sifaniya ta mai da shi doka a yawancin titunan cikin garuruwanta a 2021.

Ɗiyar Baba: Wannan lissafin na 40 da 56 ya sa na yi shiru. Kwana tara ina jin haushin shaidun nan ina ganin sun haɗa baki.

Mai Sha'awar Motoci: Tambaya ga masana. Ba ana gwada motoci a kan wannan ba kafin a sayar? Na ga bidiyon da ake harba wata ƙafar roba a gaban mota.

Injiniyan Tituna: Ana yi. Hukumar Euro NCAP, mai auna amincin sababbin motoci a Turai, tun 1997 take gwada yadda gaban mota ke yi wa mai tafiya a ƙafa. Ana harba ƙafar gwaji a kan bamba da gudun kilomita 40, na'urorin cikinta su auna yadda ƙwauri ya lanƙwasa da yadda jijiyoyin gwiwa suka miƙe. Wata ƙafar gwaji da aka ƙera a Japan, mai lanƙwasa kamar ta mutum, ita ta maye gurbin tsohuwar mai sandar ƙarfe. A dokar Majalisar Ɗinkin Duniya, jijiyar gefen gwiwa ta ciki kada ta miƙe fiye da milimita 22. Wannan ne ya sa motocin yanzu suke da soso a bayan bamba, da wani ɗan leɓe a can ƙasa mai tura ƙwauri gaba don kada ƙafa ta naɗe a ƙarƙashin mota. Matsalar a ganina, ƙafar gwajin ta matsakaicin namiji ce. Ba ta tsohuwa mai gajeren tsayi ba.

Likitan Ƙashi: Injiniya, bari in ɗan gyara maka a nan, don adalci. Girma da nauyin ƙafar na matsakaicin namiji ne, gaskiya. Amma alƙaluman ƙarfin da ƙashi ke karyewa an samo su ne daga gwaji a kan gawarwakin mutanen da suka ba da jikinsu don bincike, kuma yawancin waɗannan tsofaffi ne. Don haka ba za a ce an manta da tsoho gaba ɗaya ba. Inda na yarda da kai shi ne, iyaka ɗaya ce aka sa wa kowa, alhali ƙashin mace 'yar 80 da na namiji ɗan 60 ba ɗaya ba ne ko kusa. Shi ya sa yanzu ake gina jikin mutum a kwamfuta, irin wanda Toyota ta yi mai suna THUMS, inda za a iya rage kaurin bangon ƙashi a ga abin da zai faru.

Injiniyan Tituna: Na karɓi gyara, Likita. Sai dai ƙarin abin damuwa shi ne motoci suna ƙara tsayi. Jif da a-kori-kura ba gwiwa suke samu ba, cinya da ƙugu suke duka, kuma maimakon su kwashe mutum ya hau bonet, sai su tura shi gaba ya faɗi a gabansu. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta fitar a 2023 cewa motar da gabanta ya haura kusan mita ɗaya ta fi mai gajeren gaba mai gangare yiwuwar kashe wanda ta buga da kusan kashi 45 cikin 100.

Hajiya Babba: Likita, na ji ka ce mace 'yar 80. Mu mata abin ya fi mana muni ne?

Likitan Ƙashi: Ƙwarai, Hajiya. Tun farko ƙashin mace ya fi na namiji sirantaka. Sannan idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke taka wa masu rushe ƙashi birki yana faɗuwa, sai a yi wasu shekaru ƙashi yana zuba da sauri. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce, bayan shekara 50 mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su samu karaya ta dalilin zaizayewar ƙashi. Ciwon ba ya zafi, ba ya kumburi, sau da yawa karayar ce sallamarsa ta farko. Alamun da za a lura da su, mutum ya rage tsayi, baya ya fara rankwafawa, ko ya taɓa karyewa a wuyan hannu daga ƙaramar faɗuwa. Shan taba, giya, ciwon suga, rama sosai, da daɗewa a kan magungunan sitiroyid duk suna ƙara abin. Akwai na'urar Deksa da ke auna kaurin ƙashi cikin 'yan mintoci ba tare da ciwo ba, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin da ake cewa ƙashi ya zaizaye. Idan an gano, akwai magungunan da ke rage rushewar, tare da kalsiyam da bitamin D ga wanda ya gaza. Amma likita ne zai rubuta, kada a saya a sha kai tsaye.

Ɗiyar Baba: Likita, saura abu ɗaya da ke hana ni barci. Kwatangwalon sun yi masa aiki washegari, ko gama kiran 'yan uwa ba mu yi ba. Amma gwiwar har yau ba su shiga ba, sun dai kafa masa wasu ƙarafa ta waje sun ce a jira. Yayana yana cewa sakaci ne, wai mu ɗauke shi.

Likitan Ƙashi: Kada ku ɗauke shi a kan wannan dalilin. Abin da kika bayyana tsari ne sananne, kuma alama ce suna sane da abin da suke yi. Kwatangwalo ana gaggawarsa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin muddin yana karye mutum ba ya iya ko zama, kwanciya kuma ita ce babbar abokiyar gabar tsoho. Tana kawo ciwon huhu, gudan jini a jijiyar ƙafa da kan iya tafiya huhu, gyambon baya, da rikicewar tunani. Ba don in tsorata ki ba, amma cikin tsofaffin da suka karye a kwatangwalo, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ba sa cika shekara, kuma yawanci ba ƙashin ne ke kashe su ba, waɗannan ne. Saman ƙwauri kuwa akasin haka ne. Fatar wurin siririya ce, bugun mota ya dagargaza naman, idan aka yanka yana kumbure ɗinkin yakan buɗe ƙarfe ya kamu da ƙwayoyin cuta. Sai a riƙe ƙashin da ƙarafan waje, a jira kumburi ya saɓe har fata ta fara tattarewa, mako ɗaya zuwa uku. Ku tambaye su kai tsaye me suke jira, haƙƙinku ne su yi muku bayani. Ku tabbata sun san duk maganin da yake sha, musamman na tsinka jini. Kuma idan ya fara surutai ko ya kasa gane ku, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ciwon ƙafar ya tsananta fiye da kima, ku kira ma'aikaciyar jinya nan take, kada ku ce tsufa ne.

Mai Gashin Ƙashi: Ƙari a kan na Likita. Ran da suka ce a zaunar da shi ko a tsayar da shi, zai ce ciwo, ku kuma tausayi zai kama ku. Ku roƙa a ba shi maganin ciwo kafin lokacin motsa jikin, amma kada ku roƙa a ƙyale shi. Ƙafar da aka yi wa aikin gwiwa za ta yi makonni ba a taka ta sosai ba, don haka hannuwa da ɗaya ƙafar su za su ɗauke shi, tun yanzu ake fara ƙarfafa su a kan gado.

Dattijo Mai Ritaya: 'Yata, idan ya fara tashi, ki gaya masa wani ɗan uwansa da bai sani ba yana gaishe shi. Kuma ran da ya ce zai koma fita, kada ku hana shi. Ku bi shi kawai.

Direban Dogon Zango: Jiya da yamma na shigo gari, na hango wani dattijo da sanda a bakin titi. Da can hon zan danna in wuce. Na sauko ƙasa da 30, na tsaya, na kunna fitilun gefe biyu don na bayana su gane. Na ƙirga a zuciyata, sai da ya ci daƙiƙa 17 kafin ya haye. Ban taɓa sanin tsallaka titi yana ɗaukar mutum haka ba.

Ɗiyar Baba: Salam jama'a, na dawo da labari. Yau kwana 16. Kumburi ya saɓe, shekaranjiya suka shiga da shi, suka ɗago wurin da ya lotsa, suka cike ƙarƙashinsa, suka sa faranti da kusoshi. Likitansa ya ce ƙashin ya yi laushi sosai, kuma za su fara masa maganin zaizayewar ƙashi kafin a sallame shi. Yau da safe an zaunar da shi a bakin gado na minti goma, ya yi gumi sosai amma ya daure. Yayana ya janye maganar ɗauke shi. Direban ya zo dubiya, na gaishe shi, wanda da ban iya ba. Likita, mahaifiyarmu shekararta 66, kuma bara ta karye a wuyan hannu da ta zame a bakin ƙofa, aka sa mata filasta muka manta da zancen. Gwajin Deksan nan, sai an tura mutum ne, ko za mu iya zuwa mu nema da kanmu?

Likitan Ƙashi: Alhamdulillah, Allah ya ƙara masa lafiya. Mama kuwa, shekarunta da wannan karayar ta bara kowanne kaɗai ya isa dalilin gwaji. Ki gaya wa likitan da ke duba Baba gobe idan ya zo zagaye, ki ambaci karayar wuyan hannun da yadda ta faru, zai rubuta mata takardar. Ki tafi da hoton bara idan yana nan.